Inshorar wurin aiki, ta kasuwar gwamnati ko Medicaid: wacce za ta ɗauki nauyin yaro mai galahanga a Amurka?

A tsakiyar watan Nuwamba wani ɗan'uwa da muke sallah a masallaci ɗaya ya ce in leƙo gidansa bayan isha'i. Na tarar da takardu baje a kan teburin cin abinci: ƙunshin sabunta inshora da aka ba shi a wurin aiki, da rahoton likita mai shafi goma sha ɗaya. Ɗansu mai shekara biyu da rabi yana zaune a kan kafet yana jera murafan kwalabe, ja kusa da ja, shuɗi kusa da shuɗi. Uwar ta kira sunansa sau uku, ko ɗagowa bai yi ba. Tana buɗe firij sai ga shi ya waiwayo.

"Ka gani ko, Malam? Kunnensa ras yake," in ji ta. "Hajiya kuwa kullum a waya sai ta ce mu ƙyale shi, ubansa ma sai da ya shekara huɗu bakinsa ya buɗe."

Likita dai ya riga ya rubuta abin da ya gani: galahanga, wadda takardun asibiti ke kira autism. Ya ba da shawarar a sa yaron a horon ɗabi'a da ake kira ABA awa 25 a mako, da zama biyu a mako wurin mai koyar da magana. Uban ya ɗora yatsa a kan layi biyu na takardar wurin aikinsa. "Wannan sun fi yankar albashi, wannan da sauƙi. Ni mai sauƙin zan ɗauka, ai duk inshora ce."

Na ce ya ajiye biron tukuna.

Gidan da kowa lafiyarsa ƙalau, ba laifi idan ya zaɓi inshora da kuɗin wata. Amma idan akwai yaron da zai riƙa ganin masu horo kwana biyar a mako, shekara da shekaru, akwai tambayoyi biyu da suka riga farashi. Wace doka ce ke da iko da wannan inshorar? Sannan a garinku akwai cibiyar da take karɓarta kuma take da gurbi? Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka ta taɓa ƙiyasta cewa horon ɗabi'a mai tsanani yakan ci dala 40,000 zuwa 60,000 a shekara ga yaro ɗaya. Ba kuɗin da direban tasi ko mai kula da tsofaffi a gida zai ciro daga aljihu ba ne. Kuma lamarin ba na tsiraru ba ne: rahoton CDC na 2025 ya ce yaro ɗaya cikin 31 masu shekara takwas a wuraren da aka bincika yana da galahanga.

Inshorar wurin aiki iri biyu ce, kati iri ɗaya

Za ka ji mutane suna cewa ai duk jihohin Amurka 50 sun wajabta wa kamfanonin inshora biyan jinyar galahanga. Gaskiya ne. Indiyana ce ta fara a 2001. A 2007 Karolina ta Kudu ta yi dokar da aka sa wa sunan Ryan, ɗan wata lauya mai suna Lorri Unumb wadda ta rubuta daftarin da kanta, daga nan sauran jihohi suka yi ta bi har Tenesi ta rufe sahu a 2019.

Sai dai dokar jiha ba ta kama kowace inshora. Nan ne gizo ke saƙa.

Wani kamfanin yakan saya wa ma'aikatansa inshora kai tsaye: yana biyan kuɗin wata, kamfanin inshora ne ke ɗaukar asara idan jinya ta yi tsada. A Turance ana ce wa wannan fully insured, kuma dokar jiha tana kansa. Wani kamfanin kuwa, galibi manya, da kuɗinsa yake biyan jinyar ma'aikata, sai ya ɗauko kamfanin inshora haya don ya riƙe masa lissafi da takardu kawai. Shi ne self-funded. Wannan dokar tarayya ta ERISA ta 1974 ce ke iko da shi, dokokin inshora na jihohi ba su hau kansa ba. Fiye da rabin ma'aikatan da ke da inshorar wurin aiki a Amurka a irin wannan tsarin suke, da yawansu ba su ma sani ba, don katin da ke aljihunsu tambarin Aetna ko Cigna ko Blue Cross yake ɗauke da shi, daidai da na maƙwabcinsu.

Saboda haka abu na farko shi ne ka je ofishin kula da ma'aikata ka yi tambaya ɗaya: tsarin namu self-funded ne ko fully insured? Ka kuma nemi cikakkiyar takardar bayanin tsarin, wadda ake kira SPD, a rubuce. Dokar ERISA ta ba su kwana 30 su miƙa maka. Kada ka tsaya a takardar taƙaitawa mai shafi kaɗan. Ka buɗe babbar, ka je sashen abubuwan da ba a biya, ka nemi kalmar autism da ABA. A nan ake ɓoye maganar.

Kar a ɗauka cewa duk tsarin da kamfani ke biya da kuɗinsa mugu ne. Manyan kamfanoni da yawa sun sa ABA da kansu, wasu ma sun fi abin da dokar jiha ta tanada. Akwai kuma dokar daidaito ta 2008 mai ɗauke da sunan sanatoci Paul Wellstone da Pete Domenici, wadda ta shafi kamfanoni masu ma'aikata sama da 50. Ba ta tilasta musu biyan jinyar ƙwaƙwalwa da ɗabi'a ba, amma idan suna biya, ta hana su gindaya mata sharuɗɗan da suka fi na jinyar jiki tsauri. Makami ne mai kyau idan an zo jayayya. Amma jayayya wata shida take ci, yaro kuwa girma yake yi.

Ko a tsarin da dokar jiha ta kama, sai ka duba wace jihar. Sau da yawa dokar jihar da aka rubuta yarjejeniyar inshorar ce ke aiki, wato inda hedikwatar kamfaninku take, ba lallai inda kake zaune ba. Dokokin kuma ba ɗaya ba ne. Ta Tekzas ta ce sai an gano galahangar kafin yaro ya cika shekara 10, kuma daga shekara 10 zuwa sama ba a wajabta wa kamfani biyan ABA fiye da dala 36,000 a shekara ba. Ta Jojiya da aka yi a 2015 da ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara bakwai ta fara, sai daga baya aka ɗaga shekarun zuwa 20. Niyok ta fara da ƙayyade ABA, daga baya ta cire iyakar. Wanda zai bar Buronks ta Niyok ya koma Hustan ta Tekzas don haya ta fi sauƙi, ya sa wannan a lissafinsa.

Ma'aikatan gwamnatin tarayya nasu da sauƙi: tun 2017 aka umarci duk tsare-tsaren inshorarsu su biya ABA. Iyalan soja kuma inshorarsu ta TRICARE tana da shiri na musamman tun 2014.

Kasuwar gwamnati

Inshorar da ake saya a HealthCare.gov ko kasuwar jiha, wadda mutanenmu ke kira Obamacare, ita ce mafakar masu aikin kansu: direbobin Uba, masu shago, masu kitso. Dokar 2010 da ta kafa wannan kasuwa ta kawo abubuwa uku da suka shafi wannan magana kai tsaye. Ba a ƙin yaro ko a ƙara masa kuɗi don an riga an san yana da galahanga. Gwajin tantancewa da likitan yara ke yi a wata 18 da wata 24 kyauta ne. Sannan dole kowane tsari ya ƙunshi jinyar ɗabi'a da kuma koyar da abin da yaro bai taɓa iyawa ba, kamar magana. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. A da kamfanoni sukan ce su abin da mutum ya rasa suke biya a dawo masa da shi, kamar wanda shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa magana. Yaron da bai taɓa magana ba, a cewarsu, ba abin da ya rasa.

Raunin shi ne dokar ba ta ambaci ABA da suna ba. Kowace jiha ce ke tsayar da ma'aunin da tsare-tsarenta za su bi, don haka sai ka karanta na jiharka. Rauni na biyu ya fi ci min tuwo a ƙwarya: tsare-tsaren kasuwa, musamman masu araha, jerin likitoci da cibiyoyin da suka ƙulla yarjejeniya da su gajere ne. Sai takarda ta ce an yarda da ABA, ka kira cibiyoyi shida da ke cikin jerin, biyu sun daina karɓar inshorar, uku layinsu ya kai wata takwas, ɗayar tana da nisan awa ɗaya da rabi.

Wata dabara da ba kowa ya sani ba: ana iya saya wa yaro shi kaɗai inshora a kasuwar, iyaye su ci gaba da ta wurin aiki. Idan ta wurin aikin ta cire ABA ƙarara, wannan sau da yawa ita ce mafita, ko da ba tallafin gwamnati. Kuma tun 2023, idan kuɗin sa iyali a inshorar wurin aiki ya yi wa albashi nauyi fiye da ƙima, matar da yaran suna iya samun tallafi a kasuwa. Rajista takan buɗe ranar 1 ga Nuwamba. Idan ta rufe, sai da dalili kamar rasa aiki, haihuwa ko ƙaura, shi ma kwana 60 ne.

Abin da zan ce a guje shi kwata-kwata: inshorar ɗan gajeren lokaci, da ƙungiyoyin karo-karo na jinya da ake tallatawa a Facebook da farashi mai daɗin ji. Kariyar dokar 2010 ba ta bi ta kansu ba, suna iya ƙin duk larurar da aka sani kafin a shiga.

Medicaid: a takarda ita ce gaba

Medicaid inshorar gwamnati ce ta masu ƙaramin ƙarfi. Mutanenmu da yawa suna jin kunyarta, wai inshorar talakawa. Ga yaro mai galahanga, haƙƙin da ke cikinta ya fi na inshorar manajan banki faɗi. Dalili shi ne wani sashe na dokarta da ake kira EPSDT, wanda ya ce duk wanda bai kai shekara 21 ba dole jiha ta biya masa jinyar da likita ya tabbatar yana buƙata don gyara ko sassauta larurarsa. A watan Yulin 2014 hukumar tarayya mai kula da shirin ta fito fili ta ce wannan ya haɗa da galahanga. Jihohi suka yi ta jan ƙafa, wasu sai da aka kai su kotu. Tekzas sai a Fabrairun 2022 ta fara biyan ABA. Ba ruwanka da kason farko da akan biya duk shekara kafin inshora ta fara sa hannu, kuɗin da ake karɓa a ƙofa kuma ko babu ko ɗan kaɗan ne, har motar zuwa asibiti ana iya samu.

Kowace jiha dole ta karɓi yaran gidan da samunsu bai wuce kashi 138 cikin ɗari na ma'aunin talauci na tarayya ba. A 2025 ma'aunin dala 32,150 ne ga gida mai mutum huɗu, wato iyakar ta kama wajen dala 44,000. Yawancin jihohi sun ɗaga fiye da haka ta hanyar shirin yara na CHIP. A Niyok tallafin Child Health Plus yana kaiwa ninki huɗu na ma'aunin. A lura dai: inda jiha ta ware CHIP daban, wancan faffaɗan haƙƙi na EPSDT ba dole ba ne a kansa.

To wanda samunsa ya wuce fa? Akwai wata ƙofa da ta samo suna daga wata yarinya 'yar jihar Ayowa, Katie Beckett. Ta shafe kusan shekara uku a asibiti, kuma ko da likitoci suka yarda ta tafi ba ta tafi ba, don idan ta koma gida za a lissafa albashin iyayenta a yanke mata Medicaid. Shugaba Reagan ya ambaci labarinta a gaban 'yan jarida a 1981, a 1982 aka yi dokar da ta ba jihohi damar duba larurar yaro su kau da kai daga samun iyaye. Ba kowace jiha ce ta ɗauka ba, kuma sharaɗin yana da tsauri, sai yaron da buƙatarsa ta kai matakin kulawar cibiya. Fensilbeniya tata ƙofar ta fi faɗi. A Tekzas kuwa layin irin waɗannan shirye-shiryen yakan haura shekara goma, shi ya sa ake cewa ka sa sunan yaro ranar da aka gano larurar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Aibin Medicaid a fili yake. Kuɗin da take biyan cibiyoyi yakan gaza na kamfanoni, don haka wasu cibiyoyin ba sa karɓarta, masu karɓa kuma layinsu dogo ne. Duk shekara sai an sabunta, wasiƙa ɗaya ta ɓace a akwatin gidan da kuka tashi, sai a wayi gari an rufe. Ba ta kuma tsallaka iyakar jiha.

Maganar takardun zama, wadda na san ita ce a ran mutane da yawa: yaron da aka haifa a Amurka cancantarsa tasa ce, ba ta rataya a kan matsayin iyayensa ba. Mai katin zama na dindindin dokar 1996 ta ɗora masa jiran shekara biyar, amma tun 2009 aka ba jihohi damar ɗauke wa yara wannan jiran, kuma da yawa sun ɗauke. Ƙa'idojin shige da fice suna juyawa da juyawar gwamnati, don haka wanda ke da takarda a gaban hukuma ya ga lauya kafin ya cike fom, kada ya dogara da hirar bayan sallar Juma'a.

Lissafin da ya kamata a yi

Mu koma teburin ɗan'uwan nan. Kowace inshora tana da lambobi huɗu: kuɗin wata, kason farko da za ka biya kafin su fara sa hannu, kuɗin ƙofa na kowane zuwa, da rufin shekara, wato iyakar abin da zai fita daga aljihunka. A 2025 doka ta ce rufin kada ya wuce dala 9,200 ga mutum ɗaya, 18,400 ga iyali.

Yaron da ke ABA awa 25 a mako kusan tabbas zai taɓo rufin, galibi tun kafin tsakiyar shekara. Saboda haka lissafin mai sauƙi ne: kuɗin wata sau 12, a tara da rufin. Ga misali da lambobin da na ƙirƙira don a gane. Tsari na farko dala 300 a wata, rufinsa 9,000: jimla 12,600. Na biyu dala 520 a wata, rufinsa 3,500: jimla 9,740. Wanda ake gani mai tsada shi ne ya bar maka kusan dala 2,900 a aljihu. Araha ba ta ado. Kuɗin ƙofa ma kada a raina shi: dala 30 kullum, kwana biyar a mako, mako 48, ya zama 7,200.

Idan miji da mata duk suna da inshorar wurin aiki kuma an sa yaron a duka biyun, akwai wata ƙa'ida mai ban dariya: wanda ranar haihuwarsa ta riga zuwa a cikin shekara, tasa ce ta farko, ko da shi ne ƙarami. Uwar da aka haifa a Maris ta riga uban da aka haifa a Agusta.

Abin da na fi so, idan ya samu, shi ne haɗi: inshorar wurin aiki ko ta kasuwa a gaba, Medicaid a baya. Ta gaba tana buɗe maka ƙofar cibiyoyi masu yawa, ta baya tana kwashe ragowar, muddin cibiyar tana karɓar duka biyun. Wanda samunsa ƙarami ne ya riƙe Medicaid hannu bibbiyu, kada ya ƙara wa kansa kuɗin wata don neman suna. Mai aikin kansa da ya wuce iyakar Medicaid ya fara kiran cibiyoyin garinsu ya ji wace inshora suke karɓa, sannan ya je kasuwa ya zaɓa. Yawancin mutane a juye suke yi.

Takardar da komai ya rataya a kanta

Ko wacce ka zaɓa, ba a biyan ko sisi sai da rahoton gano larura daga wanda suka yarda da shi: likitan bunƙasar yara, likitan jijiyoyi, likitan ƙwaƙwalwa, ko masanin halayyar ɗan Adam mai lasisi. Da yawa suna son a ga an yi gwajin ADOS-2, kuma lambar F84.0, wadda likitoci ke nuna galahanga da ita, ta fito a takardar. Rahoton da aka zo da shi daga Kano ko Yamai yana taimaka wa likita da tarihi, amma mafi yawanci sai an sake gwajin a nan. Haka takardar makaranta: tantancewar da makaranta ke yi don tsara wa yaro karatu daban take da ta asibiti, inshora ba ta aiki da ita.

Bayan rahoto sai ƙwararren ABA mai shaidar BCBA ya auna yaron ya rubuta tsarin horo, kamfani ya amince, galibi na wata shida, sannan a sake nema. A wannan sabuntawar ake yanke awanni. Idan sun ƙi ko sun rage, ka nemi dalilin a rubuce. Kana da kwana 180 ka ɗaukaka ƙara a cikin kamfanin, idan sun sake ƙi kana da wata huɗu ka kai wa mai duba na waje, wanda hukuncinsa dole su bi. Idan kuma ba cibiya mai gurbi a cikin jerinsu, ka nemi su ƙulla yarjejeniya ta yaronka kaɗai da wata ta waje. Ana yi, sai dai ba sa tallatawa.

Kafin duk wannan ya kammala, kada a zauna. Dokar ilimi ta IDEA ta tanadi shirin tallafin wuri ga yaro daga haihuwa zuwa shekara uku, daga uku kuma makarantar gwamnati ta karɓa. Uwa da kanta tana iya kira, ba sai da rahoton galahanga ba. Asibitin da ke karɓar kuɗin tarayya kuma dole ya samo maka tafinta kyauta, kada a sa 'yarka 'yar shekara goma ta fassara maganar ƙaninta.

Ni dai ban ɗauki ABA a matsayin komai da komai ba. Akwai manya masu galahanga da suka taso a cikinta suna kuka da yadda aka matsa musu, kuma kukansu abin saurare ne. Ka je cibiyar ka zauna ka ga yadda suke yi da yaro idan ya ƙi. Wani yaron ma mai koyar da magana da mai koyar da ayyukan hannu ya fi buƙata, don haka ka duba zama nawa inshorar ta yarda a shekara. Zama biyu a mako ya haura 100 a shekara, tsarin da ya tsaya a 30 kafin azahar ɗin shekara ya ƙare.

Ɗan'uwan nan ya je ofishin ma'aikata washegari. Tsarinsu da kuɗin kamfani ake biya, amma ABA tana ciki, a duka zaɓin biyun. Ya ɗauki mai yankar albashin, uwar kuma ta cike fom ɗin Medicaid na yaron. Cibiya ta huɗu da suka kira ce ta ce akwai gurbi a watan Maris, na safe. Da na sake leƙawa uwar ta tare ni a ƙofa da tambaya: wata ma'aikaciya ta ce su daina yi masa Hausa kada su rikita shi, gaskiya ne? Na ce binciken da aka yi bai nuna harshe biyu yana ƙara wa irin waɗannan yara jinkiri ba, ta tambayi mai koyar da maganar ta ji. Ta ce dama ba ta da niyyar dainawa, don shekaranjiya ya ja ta har gaban firij ya ce "ruwa", kuma ta riga ta tura wa Hajiya muryar.